Kilo Shida da Kwanon Ummu Hisham

Ba zan ɓata muku lokaci da kukan da anka yi a Wurno ranar da munka taso ba. An yi kuka, an yi addu'a, mata sun cika mana jaka da ƙulle-ƙullen guzuri, shi ke nan. Labarina ya fara ne daga hawa na shida na wani dogon bene a Alƙahira, inda na tsaya bakin taga ina kallon motoci can ƙasa kamar ƙwari, ina dariya ni kaɗai. Ni Balki, wadda iyakar tahiyarta Sakkwato, sai kasuwar Goronyo in an aike ni, yau ga ni a Masar! Na ɗauki hoto ya fi talatin kafin in cire takalmi.

Jinya ta kai ni. Goggo Kulu yayar babana ce, gwiwoyinta biyu sun cinye, ta shekara huɗu ba ta sallah sai a zaune. Ɗanta, Yaya Sanusi, ya sayar da gonarsu ta fadama, wadda suke albasa da tafarnuwa a cikinta, don a kawo ta a yi mata aiki. Ni anka zaɓa in raka ta saboda na gama sakandare, ina jin Turanci, kuma kamar yadda Yaya Sanusi ya faɗa gaban kowa, bakina ba ya da linzami, ba wanda za ya iya cutar mu. Ya yi kuskure. An cuce mu, an kuma cuce mu da kyau.

Wanda ya tarbe mu a filin jirgi wani mutumin ƙasarmu ne, Alhaji Mudi. Ya daɗe a Masar, sana'arsa ke nan tarbar marasa lafiya, ya nema musu ɗaki, ya yi musu tafinta a asibiti. Mutum ne mai ƙamshin turare da daɗin baki. Kafin mu iso masauki ya kira Goggo "Hajiyata" ya fi sau ashirin. Shi ya kama mana ɗakin nan na hawa na shida, a gidan da lif ɗinsa, injin hawa benen, ke aiki ranar da ya ga dama.

Kwana biyu da isowarmu munka ga likita. Ya duba hoton gwiwa, ya duba takardar jini, ya sa Goggo ta hau sikeli. Kilo ɗari da goma sha biyu. Ya cire tabarau ya yi magana da Turanci, don haka ban jira tafinta ba, na ji da kunnena. Ya ce ba za ya sa mata wuƙa ba sai sukarin jininta ya sauka, kuma sai ta rage kilo shida. Ya ba mu wata biyu. In ta cika, a yi aiki. In ba ta cika ba, mu koma gida mu dawo wani lokaci.

Wane wani lokaci? Gona guda ce, an sayar.

Na fassara ma Goggo. Ta dubi likita sama da ƙasa ta ce, "Shi wanga da wuyanshi awa na zabo, shi za ya gaya min yadda mutum ka zama?"

Anka tura mu ofishin wata mata mai tsara abincin marasa lafiya. Ta rubuta mana takarda da hannu, da Larabci. Na yi Islamiyya, ina karanta Alƙur'ani ba gargada, amma rubutun matar nan kamar kaji sun yi faɗa a kan yashi. Alhaji Mudi ya karɓe takardar ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Abincin nan akwai tsada, amma lafiya ta fi kuɗi. Ku bar mini komai." Ya kuma ce jakar guzurinmu a ture ta ƙarƙashin gado, wai abincin ƙauye ne ya kai Hajiya inda take. Na ture ta da ƙafata, har ina jin kaina wata wayayya.

Ranar ya kai ni wani babban kanti. Wallahi ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ƙofa ta buɗe da kanta, sanyi ya buge ni, fitilu ko'ina, kaya jere kamar ba za a taɓa yin yunwa a duniya ba. Ina tura keken zuba kaya ina jin kamar a fim nake. Alhaji Mudi yana gaba da takarda a hannu, yana ɗaukowa yana jefawa. Wani kifi mai jan nama da ya ce daga ƙasar ƙanƙara ake kawo shi. Man zaitun a doguwar kwalba. Tuffa kore. Wata gyaɗar Turawa a ƙaramar leda. Wani cuku mara gishiri. Burodi baƙi mai nauyi kamar bulo. Da wani hatsi a kwali mai hoton Bature yana murmushi.

Da munka zo wurin biya, matar ta juyo mini da lambar kuɗin, sai na ce ta sake lissafi. Ta sake, haka ya fito. Abin da na zube ranar, a gida buhun gero biyu ne lokacin kaka har da canji, kuma kayan duka a leda biyu na riƙo su da hannu ɗaya. Ina fita na waiwaya na ga mai kantin ya rungume Alhaji Mudi yana saka masa wani abu a aljihu. Na ce a raina gaisuwar Larabawa ce. Wauta ba ta da magani sai an sha ta.

A gida na buɗe kwalin hatsin na dama ma Goggo. Ta leƙa kofin, ta sa yatsa ta murza.

"Balki, wagga ai dussa ta."

"Goggo, abincin likita ne."

"Dussa ta! Sanusi ya sai da gona don in taho Masar in ci abincin awaki?"

Ta sha dai, tana sha tana tsaki.

Haka munka shiga mako na farko, na biyu. Duk bayan kwana biyu ko uku sai na koma kantin. Na koyi shiga bas ni kaɗai, na koyi tsallake titin Alƙahira, wanda ba a tsallake shi sai da kalmar shahada a baki. Wata rana na sauka kan gada na tsaya kallon kogin Nilu har na manta abin da ya fito da ni. Ruwa ne shimfiɗe ga jiragen ruwa masu kiɗa, na ce ashe madatsar Goronyo da muke taƙama da ita ƙanwa ce. Na aika ma ƙawayena hoto, kowa na cewa Balki an haye. Ba su san ni ragowar ganyen Goggo nake ci da busasshen burodi ba, don kuɗin abinci ba ya ɗaukar baki biyu a wannan kanti.

Kewar gida kuwa ba ta sallama. Innata ta aiko mini saƙon murya, ba abin da ta faɗa sai gaisuwa, amma a bayanta ina jin ana daka, ga kukan jaki, ga mai nono tana talla. Na saurara ya fi sau goma. Da a ce wani ya miƙo mini ƙwaryar hura da nonon garin Rara a ranar, da na ba shi kogin Nilu da gadarsa.

Abin da ya fara damuna shi ne yadda kaya ke ƙarewa. In sayo tuffa shida yau, gobe in ga biyu. Kifin da na yanka gida huɗu don ya kwana huɗu, kwana biyu babu shi. Gyaɗar nan mai tsada kuwa kamar iska ke kwashe ta. In na tambaya sai Goggo ta ce, "Sun ƙare," ta juya kai. Na ce to, yunwa ce, kuma tunda abincin likita ne, ta ci. Ko ba komai nauyi na sauka.

Mako uku cif munka koma awo. Na shiga da murnata, har na shirya yadda zan kira Yaya Sanusi in yi masa guɗa. Goggo ta hau sikeli. Ɗari da goma sha uku.

Na ce ma nas ɗin sikelinsu ya lalace. Ta kai mu wani. Ɗari da goma sha uku. Sukari kuwa ko gezau. Likita ya nuna mini kalanda da biro kawai: saura mako biyar, kilo ya zama bakwai.

A hanyar dawowa na ƙirga abin da ya rage na kuɗin abincin wata biyu, bai kai na mako guda ba. Bayan shi sai kuɗin aiki, waɗanda ke ɗaure cikin lalita a ƙugun Goggo, kuma in anka taɓa su ko ta rame kamar sillen kara ba aiki. Na kira Yaya Sanusi na gaya masa. Ya ce, "Balki, ba ni da wata gona." Bai ƙara komai ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tare Alhaji Mudi na ce abincinsa ba ya aiki. Ko a jikinsa. Ya ce jikin Hajiya mai taurin kai ne, akwai wani shayi na rage ƙiba a kantin, kwali ɗaya kaza, sai an haɗa da shi. Na ce ya sha da kansa, tumbinsa ya fi bukata. Goggo ta ce in ba shi haƙuri. Ban ba shi ba.

Kashegari da hantsi na fita zuwa kantin, ina tahiya ina lissafin abin da zan rage. Har na kai bakin titi na tuna na bar jakar kuɗi a kan firij. Lif ya ƙi, na hau bene shida da ƙafa ina haki. Ina isowa na tarar da ƙofarmu a buɗe, ana dariya a ciki. Dariyar Goggo, irin wadda rabona da jin ta tun Wurno.

Na leƙa. Ga wata Balarabiya, babbar mace, zaune a kan tabarmarmu ta miƙe ƙafa. Na san fuskarta, ƙofarta ce ke kallon tamu, muna gaisawa a bene. Tsakaninsu wani babban kwano mai zanen furanni shuɗi, cike da wani abin zaƙi da ake yi da gari da man shanu, ruwan sukari na kwance a kansa yana walƙiya. An ci rabi. Yatsun Goggo na naso. Gefe kuma Goggo ta jawo ledar kantina, ta ware tuffa huɗu, da yankan kifi biyu, da sauran gyaɗar, tana jiran a juye kwanon ta zuba.

"Goggo! Mi na wanga?"

Ta zabura, sannan ta haɗe fuska. "Ke, rage murya, muna da baƙuwa."

"Tun yaushe ake wanga abu?"

"Tun kwananmu ukku. Baiwar Allah ta ji akwai maras lahiya, kullum kina hita sai ta kawo. Wata rana shinkahwa da nama, wata rana wanga mai zaƙi."

"Kuma kina ci?"

"In ce mata mi? In ce ba ni ci? Mutum shi dahwa abinci shi hau da shi har gabanka ka ce ba ka so? A gidan wa anka koya miki haka?"

"To kayan da nike sayowa da kuɗin gona fa?"

Nan ta dube ni kamar ni ce na yi abin kunya. "Kwanon mutane za ni maida wohi? Ni Kulu? Shekarar da anka yi yunwa muna Rara ban taɓa maida kwano wohi ba, ko ƙuli guda na sai na jehwa ciki. Sai a Masar za ni bar abin hwaɗi, a ce mutanen Wurno ba su da tarbiyya?"

Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Mako uku ina cin busasshen burodi, ashe kifin ƙasar ƙanƙara gidan maƙwabta yake kwana, sukarin maƙwabta kuma a jinin Goggo.

Ni ba na iya ajiye magana ta kwana. Na durƙusa gaban matar, na haɗa Turanci da Larabcin Islamiyya da hannu. Na nuna kwano, na nuna gwiwar Goggo, na yi alamar wuƙa, na girgiza kai. Goggo na ta jan zanena tana cewa zan kashe ta da kunya. Na fizge na ɗauko takardar abinci, wadda na ƙwace daga hannun Alhaji Mudi ranar da munka yi faɗa, na miƙa ma matar. Ta ciro tabarau daga ƙirji ta karanta. Sai ta dafe kai, ta buga ƙirji, ta kama kan Goggo tana sumbata tana magana da sauri kamar rediyo. Ta leƙa ƙofa ta ƙwala kira, "Hiba! Ya Hiba!"

Hiba ɗiyarta ce, malamar makaranta, tana jin Turanci. A bakinta na ji sunan uwar, Ummu Hisham, kuma a bakinta na ji abin da ya sa na zauna daɓas a ƙasa. Na ce ta karanta mini takardar layi-layi. Ta karanta. Ganye kowane iri, da yawa. Wake. Ƙwai. Kifi kowane iri, gasasshe ko dafaffe. Kaza ba fata. Hatsi kaɗan. Ban da sukari, ban da suya.

Na ce, "Ina wurin kifi mai jan nama?"

Ta juya takardar gaba da baya. "Babu."

"Gyaɗar fa? Hatsin kwali fa?"

"Babu ko ɗaya. Wa ya ce muku haka?"

Na tuna rungumar mai kanti da hannun da ya shiga aljihu.

Sai Ummu Hisham ta fara wani bayani tana nuna kwanon, Hiba ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Da ƙyar ta fassara. Wai ashe su ma a wurinsu kwano ba ya komawa wofi. Ranar farko uwarta miya kawai ta kawo, ta gaishe da mara lafiya. Sai kwano ya dawo da tuffa da kifin da ita kanta ba ta taɓa saye ba. Ta ce lallai waɗannan baƙi masu hali ne, ba za ta bari su raina ta ba, kashegari ta yanka kaza. Kwano ya dawo da gyaɗa mai tsada. Ta sayo man shanu ta yi abin zaƙi. Haka sunka yi ta yi, wannan ta ɗaga, waccan ta ɗaga. Hiba ta ce kuɗin fanshon uwarta na watan ya ƙare tun ran goma sha biyar, har sun yi faɗa a kan haka, uwar ta ce ko za ta sayar da 'yan kunnenta ba za ta ji kunya gaban Hajiyar Nijeriya ba.

Na fassara ma Goggo. Ta dubi Ummu Hisham, Ummu Hisham ta dube ta. Sai su biyun sunka kece da dariya, suna tafawa, hawaye na zuba. Tsofaffi biyu, ba mai jin yaren wata, sun kusa talauta juna saboda kunya.

Washegari da safe Ummu Hisham ta buga mana ƙofa da kwando a hannu. Ta kama hannuna kamar ƙaramar yarinya, munka bi ta bayan gidan, lungu ɗaya, biyu, uku. Sai ga kasuwa. Kasuwa ta gaske, mai ihu da ƙudaje da ruwa a ƙasa! Mako uku ina shiga bas zuwa kantin sanyi, ashe abin da nake nema yana bayan tagar banɗakinmu.

Na tsaya gaban wata mai ganye na yi ihu, "Lalo!" Wallahi lalo ne, irin wanda ke fitowa da kansa a bayan gidanmu da damina, su kuma sun ɗaure shi dami-dami suna ji da shi. Ga kuɓewa 'yan ƙanana, ga yalo, ga kabewa, ga tumatir jajir, ga wake iri-iri a buhu. Ga karfasa daga kogin Nilu tana motsi a cikin kwando. Ina ta nunawa ina kiran sunansu da Hausa, Ummu Hisham na kiran nasu, masu kaya na dariya. Ita ke ciniki, kuma ban taɓa ganin mai ciniki irinta ba. Sai ta ɗaga tumatir ta dube shi kamar ya zage ta, ta ajiye, ta yi gaba, mai kaya ya biyo ta da rantsuwa.

Wurin albasa ne na karɓi ragama. Nan kam ba mai koya mini. Na ɗauki guda na danna wuyanta, na ji laushi, na nuna ma mai ita cewa an cire ta ba ta gama bushewa ba, kwana huɗu za ta ruɓe. Ya zaro ido, ya shiga ciki ya jawo wani buhun da ya ɓoye. Na danna, na ji ta ƙam. Ya tambayi daga ina nake. Na ce Wurno. Bai san ta ba. Na ce to yau ka sani. Ya ƙara mini uku kyauta.

Kwandon da munka cika ranar, mu biyu munka ɗauko shi, kuma ya ciyar da ni da Goggo mako guda. Abin da na biya bai kai kuɗin fakitin kifi ɗaya na kantin Alhaji Mudi ba. Na hau bene shida ina waƙa.

Ina shiga na jawo jakar guzuri daga ƙarƙashin gado, na roƙe ta gafara. Ga busasshen zogale, ga kuka, ga daddawa, ga gero, ga ƙuli, kowane ƙulli da irin ɗaurin matar da ta ba da shi. Ranar awo ta gaba na kwashi kaɗan-kaɗan na kai ma matar mai tsara abinci, Hiba ta raka ni. Ta shinshina daddawa ta yi baya da kujera, amma ta ce ba laifi. Zogale ta ce a ci har a gaji. Tuwon gero ta yarda, sai dai ta dunƙule hannunta ta ce iyakarsa ke nan, sau ɗaya a rana. Goggo ta dubi hannun ta ce a tambaye ta ko za a iya aunawa da hannun mijinta.

Sauran kwanon. Na ce a daina shi baki ɗaya, su biyun sunka taso mini kamar na yi saɓo. Sai munka yi sulhu: kwano za ya ci gaba da zuwa da dawowa, amma ba abin da za ya shiga cikinsa sai abin da ke cikin takarda. Daga can ya zo da miyar lalo irin tasu, ko gasasshen yalo, ko wake da lemun tsami. Daga nan ya koma da kwaɗon zogale ko miyar kuka. Ranar da na fara sa daddawa a wuta, mutanen hawa na biyar sunka hau tambayar ko wani abu ya mutu. Bayan mako guda Ummu Hisham da kanta ta aiko Hiba a ƙara mata.

Kuma matar da ta kusa kashe mu da sukari ita ta zama dogari. Ta fi ni tsanani. Ita ta gano ƙullin sukarin da Goggo ta ɓoye cikin matashi, ta tafi da shi gidanta. Kullum bayan la'asar sai ta zo ta ɗaga Goggo, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarta, su yi ta kai da komo tsakanin ƙofarmu da tata, suna ja da carbi. Goggo na mita da Hausa, ita tana yi mata faɗa da Larabci, kowacce na amsawa kamar ta ji.

Alhaji Mudi ya zo ran nan da turarensa, wai lokacin sayayya ya yi. Na miƙa masa ragowar kwalin dussa na ce ya kai ma awakinsa. Ya fara "Haba ƙanwata," na ce ni ba ƙanwarsa ba ce, kuma na san abin da ke cikin takarda. Ban tsaya nan ba. A ɗakin jira na asibiti akwai matan ƙasarmu masu jinya, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu. Kafin mu bar Masar, ranar Talata mu bakwai ke tahiya kasuwar bayan gida, ni a gaba.

Sikeli ya fara sauka. Ɗari da goma sha ɗaya. Ɗari da tara. Kowane awo sai na yi tsalle a gaban nas, har ta saba tana matsawa gefe. Zanen Goggo ya fara yi mata yawa. Lalitar kuɗin aiki sai da munka ƙara mata ƙulli don kar ta zame, kuma ba a taɓa ko takarda ɗaya a cikinta ba.

Ranar ƙarshe Ummu Hisham ta ce ƙafarta ƙafarmu. Goggo ta cire mayafi, ta cire takalmi, ta cire awarwaro, ta miƙa mini carbi, ta hau tana bismilla. Lambar ta yi rawa ta tsaya. Ɗari da shida da rabi.

Rabin kilo. Na ji jini ya hau mini kai. Na shiga ofishin likita da shirin yaƙi, na riga na jera maganganun da zan faɗa masa, har da na wuyan zabo. Bai ko dube ni ba. Takardar jini yake kallo, ya bi ta da biro har ƙasa, ya ɗago ya yi murmushi. Ya ce sukarin ya sauka inda yake so, shi ne babban abin da ke tsorata shi. Ya ce, "Ranar Lahadi."

Na yi guɗa a cikin asibitin mutane. Ummu Hisham ta taya ni da irin tasu, mai kaɗa harshe. Mai gadi ya zo da gudu. Na kira Yaya Sanusi na gaya masa, na ji yana jan hanci.

An yi aiki, an gama lafiya. Zafin da Goggo ta sha da koyon tahiya da ƙarfe, wannan ita za ta ba da labarinsa, kuma tana bayarwa ga duk wanda ya zauna. Ni abin da na riƙe shi ne ranar da ta taka daga ƙofarmu zuwa ta Ummu Hisham ba ta dafa kowa ba, ta buga ƙofar da kanta.

Ranar komawa gida mun ɗaure kaya, na share ɗaki, na raba sauran albasa da wake ga matan da munka bari. Mota na jira a ƙasa tana ta oda. Sai ga Ummu Hisham, Hiba na bayanta, da kwanon nan mai furanni shuɗi, cike da gasasshen kifi da ganye, wai mu ci a hanya. Tana murmushi irin na wadda ta yi dabara. Ta jira sai da ta tabbata ba ko ƙwayar gero a ɗakin, don ta zama ita ce ta ƙarshe.

Goggo ta dubi firij, wayam. Ta dubi ni, na buɗe hannu. Na ce, "Goggo, juye mu miƙa mata, jirgi ba ya jira."

Ta juye kifin a leda, ta goge kwanon da bakin mayafinta. Sai ta buɗe jakar hannunta ta tura shi ciki ta ja zif. Ta ce da Hiba ta bakina, "Gaya ma uwarki ban maida shi wohi. Ta jira."

Hiba ta fassara. Ummu Hisham ta rungume Goggo, sunka yi ta kuka, direba na ta oda.

Yanzu kwanon yana Wurno, a saman kabad ɗin Goggo, an rufe shi da farin ƙyalle. Tana sallah a tsaye, tana zuwa gidan suna da ƙafarta, tuwonta har yau dunƙulen hannu ne, kodayake na lura hannun yana ɗan girma in ba na kusa. Likita ya ce a dawo a duba gwiwar in shekara ta zagayo, kuma tun yanzu ta fara tari: tafarnuwa mai manyan kai da ta sa anka zaɓo mata, zogalen da ta shanya da hannunta, daddawa ƙulli uku. Kwanan baya matar Yaya Sanusi ta zo aron kwanon za ta kai abinci gidan biki. Goggo ta ɗaga sanda, wadda yanzu ba ta da aiki sai nuna mutane.

"Aje shi inda kinka gane shi. Ba nawa na ba, na mutane na. Kuma ban gama cika shi ba."